Inuwa a Ƙasan Hoto

Sana'ata ɗora hotuna a faifai ce. Mutum ya kawo mini hotunan aurensa ko na sunan ɗansa, in shigar da su kwamfuta, in wanke musu fuska, in jera su ɗaya bayan ɗaya, in sa musu kiɗa a ƙasa, su riƙa shigowa talabijin suna fita a hankali. Shagona yana Jimeta, a wani layi bayan kasuwa, tsakanin mai ɗinkin labule da wani Ibo mai sayar da kayan lantarki. Na daɗe a wurin, har masu tallan ruwa sun san ranar da ba a yi mini sallama sau biyu.

Akwai ƙa'idar da duk wanda ya koyi aikin nan ya tashi da ita: hoto ba ya hawa faifai da datti. Datti kuwa a wurinmu ba ƙasa ba ce. Bokitin wanki ne da ya leƙo a bayan amarya, ko akuyar da ta shigo ba a gayyace ta ba, ko ɗan yatsan mai ɗaukar hoto a gefen gilashi, ko inuwarsa da ke kwanciya a ƙasan hoto idan ya ba rana baya. Duk yanke su ake yi. Wanda ya bar inuwar mai hoto a aikinsa, abokan sana'a ba sa kiransa mai gyara, mai turi suke ce masa, wato mai tura aiki yadda ya zo. Ni a layinmu an san ni da wannan tsabta. Akwai angon da na cire masa surukinsa ɗungurungum daga hoto saboda ya tsaya yana hamma, kuma har yau ango bai zo ƙorafi ba.

Maƙwabcina Ibo shi ya jefa ni harkar shuɗin faifai. Wata rana ya dawo daga sarin kaya da wani ɗan inji a kwali, ya dire mini a kan tebur.

"Oga, wannan shi ne HD," ya ce. "In ka sa hoton mutum a ciki, har ƙurjin da ya yi yana yaro za ka gani. Orijinal ne, no bi wasa."

Na saya, har da 'yan faifan da ake zuba aikin a kai, masu shuɗin gida. Sai da cinikin ya faɗa sannan ya tuna ya gaya mini cewa faifan ba ya karantuwa a na'urar DVD irin wadda kowa ke da ita a ɗaki. Yana da tasa na'urar ta musamman, kuma a iya sanina guda ɗaya ce a duk layin, tana kan kantarsa. Na sa aka rubuta HD da manyan baƙaƙe a allon shago. Mutane su karanta, su yaba, su ce a yi musu na kullum.

Haka injin ya zauna lulluɓe da tsumma har shekarar da mutanen arewacin jihar suka gudo mana. Wanda ya zauna a Jimeta a lokacin ba sai an ba shi labari ba. An riga an hana acaɓa, ga shingen sojoji a kowace babbar hanya, ga dokar hana fita da ke tashin mu daga shago rana ba ta gama faɗuwa ba. Sai kuma mutane suka fara kwararowa ta kan gada, wasu a mota, wasu a ƙafa, wasu da takalmi wari ɗaya. Aikin biki ya ja baya. Abin da ya ƙaru shi ne faifan tunawa da mamaci, wanda Kiristoci ke nunawa a coci ko a gida bayan jana'iza. Shi ma da tsarinsa: a fara da hoton ƙuruciya, a rufe da hoton da ya fi kyau, gicciye a sama, shekarar haihuwa da ta rasuwa a ƙasa. Na yi su har hannuna ya riƙa zuwa wurin gicciyen da kansa.

A wannan hali wani dattijo ya shigo shagona da rana tsaka, sanye da kwat a zafin Yola, biro a aljihu, wani ƙunshi a hammata naɗe da zane.

"Ɗana, kai ne mai HD?"

Na ce ni ne. Shi ne mutum na farko da ya taɓa yi mini wannan tambayar, har na ɗan gyara zama.

"Shi nake so. Wanda ya fi kowanne fitowa."

"Baba, kana da na'urar da za ta karanta shi?"

"Ba ni da ko cokali," ya ce. "Yi mini dai."

Tsohon malamin firamare ne, ɗan wajen Numan, amma aiki ya kai shi arewacin jihar tun yana saurayi. Can ya yi aure, can ya yi gini, can ya yi ritaya. Yanzu shi da matarsa suna raɓe a gidan ƙanensa a unguwar Nassarawo. Ya warware zanen, sai ga alabam na hotuna, irin mai leda a kowane shafi, gefensa ya kumbura da gumi. Na jawo biro na ce ya ba ni sunan mamacin da shekarunsa. Ya ɗora tafinsa a kan alabam ɗin.

"Ba gicciye. Ba shekara. Ban ce maka ya mutu ba."

Ya ba ni labarin kamar mai karanta sanarwa a taron makaranta. Ranar da masu bindiga suka shigo garinsu, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Shi ya ɗauki kwat ɗinsa. Mama, matarsa, ta ɗauki alabam, ta manta maganin suganta a kan taga. Sun yi nisa a daji ta tuna. Ɗansu, namiji guda da suke da shi, wanda ya riga ya zama magidancin kansa sai dai bai yi aure ba, ya ce su ci gaba zai ɗauko ya same su a hanya. Sun ci gaba. Baba ya tsaya nan, ya gyara wuyan kwat.

Sauran maganar ta ido ce. Sugan ya daɗe da taɓa idon Mama, gudun da rashin magani suka ƙarasa. Likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, abin da ya rage kuma yana kan hanya.

"Kullum yana zama a rana da alabam," Baba ya ce, yana nufin Mama. "Yanzu ya ce ba ya ganin komai a ciki. Ina so ya ga fuskar yaron sau ɗaya, babba, a talabijin, kafin ido ya rufe."

Na buɗe alabam. Iyali ne masu tsabta da son coci. Ga Baba a gaban aji, ga Mama da 'yan zumuntar matan coci cikin anko, ga 'yan mata biyu da suka girma shafi bayan shafi har suka yi aure, ga gida tun yana bulo har ya samu kwano da fenti. Abu ɗaya na lura da shi: kowa a kowane hoto ya runtse ido kamar mai yanka albasa. Na bi fuskokin har bango ban ga saurayi ba.

"Baba, wanne ne shi?"

"Ba ya ciki. Shi ne mai ɗauka."

Tun yana sakandare aka ba shi kyamara, daga ranar ya zama mai hoton gida. Shi ke jera mutane, ya ce kowa ya fuskanci rana, ya ba ta baya, ya danna. Ba ya ba kowa kyamarar, yana cewa za a yanke masa kai a hoto. Hoto ɗaya tak ya shiga, na 'yan kwaya, mawaƙan coci, a ranar wani taro, wanda wani daban ya ɗauka daga nesa. Baba ya nuna mini shi da bakin biro: layin baya, na kusa da ƙarshe. Fuskar ba ta kai ƙwayar wake ba.

Na gaya masa gaskiya. Na ce inji ba ya ƙirƙirar abin da babu, abin da ke cikin hoto shi yake fitarwa, in babu ido a takarda babu ido a talabijin.

"Ba an ce har ƙurji ake gani ba?"

Na leƙa ta ƙofa. Maƙwabcina yana tsaye a bakin shagonsa, yana ganina ya duƙa yana warware wata waya da ba ta harɗe ba.

Na sa hoton a sikana, na'urar da ke kwafe hoto zuwa kwamfuta, na ba ta iya ƙarfinta, na jawo fuskar har ta cika allon kwamfuta. Abin da ya fito kamar an ɗiga kunu a takarda: wani duhu a sama da ya kamata ya zama gashi, ramuka biyu, sai wani fari da mai yiwuwa haƙora ne. Baba ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Shi ne," ya ce.

Ban yi musu ba. Na san abin da ya sani yake gani, amma ba ni da wani abin da zan ba shi a madadinsa.

Na shiga aiki. Na wanke hotunan ɗaya bayan ɗaya, na cire tabon gumi, na dawo da launin da ya koɗe. Kuma kusan kowane hoto, ga inuwar nan a ƙasa, doguwa, gwiwoyin hannu a buɗe, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Wani wuri ta hau ƙafar Baba, wani wuri ta kwanta a kan zanen Mama. Ina yankewa ina mita. Na ce wannan bawan Allah ya iya jera mutane, ya san lokacin dannawa, amma duk shekarun nan ba a samu mai gaya masa ya matsa gefe ba. Inda yanka ba ya yiwuwa, na ɗebo ƙasa daga gefe na rufe. Da na gama, ko mai sana'a ba zai ce an taɓa tsayawa a wurin ba. Na ji daɗin aikina ƙwarai.

Sai dahuwa. Bayan ka jera hotuna ka sa kiɗa, dole kwamfuta ta haɗiye su duka ta mayar da su bidiyo guda kafin a zuba a faifai. 'Yan sana'a na cewa rendarin, ni dahuwa nake ce masa, don ba a buɗe tukunya sai ya nuna. Na DVD kafin ka ci abinci ka yi salla ya gama. Na HD kuwa, a tsohuwar kwamfutata, wuni yake ci. Wani koren layi ne ke rarrafe a ƙasan allo, in wuta ta ɗauke ya koma farko kamar ba a taɓa yi ba. Ranar farko aka ɗauke wuta ya kusa rabi. Washegari na tada janareta tun safe, zafi ya kashe kwamfutar da azahar. Rana ta uku na sayo ƙanƙara a faranti na ajiye gaban fanka, na cire wa kwamfutar murfi, ni ina gumi ita tana shan iska. Layin ya kusa bango dokar hana fita ta cim mana, ga janareta ba a barinsa a kulle cikin shago. Na kashe da hannuna.

Duk kwanakin nan Baba yana kan benci, kwat a jiki, idonsa a kan koren layi. Lokaci lokaci ya ce, "Ya kai ina?" In nuna masa. Ya gyaɗa kai kamar mai duba aikin ɗalibin da ba shi da ƙoƙari amma yana da ladabi. A ƙarshe maƙwabcina ya jawo mini waya daga babban janaretansa, na buɗe shago ana ɗage doka, kafin la'asar abin ya nuna. Na zuba shi a shuɗin faifai, wanda sau ɗaya ake rubuta masa, in ka yi kuskure sai dai ka yi madubi da shi.

Saura na'urar kallo. Maƙwabcina ya ce zai ba da aronta da babban talabijin, amma ƙafarsa ƙafar kayansa. Muka ɗauki keke mai ƙafa uku mu uku, Baba a gaba gefen direba, mu a baya rungume da talabijin. A shinge soja ya ce mene ne a kwali. Maƙwabcina ya sauka ya fara yi masa bayanin HD, har ya kai maganar ƙurji, sojan ya ce mu wuce.

Gidan na Nassarawo ɗaki uku ne da falo, amma mutanen da ke ciki sun isa ƙauye. Katifu a jingine, tukwane a baranda, yara ta ko'ina. Aka ja labule, aka jona waya. Sannan aka fito da Mama, 'yar ƙaramar mace mai ɗankwali a ɗaure tsaf, tana lalube da ƙafa kafin ta taka. Aka ajiye mata kujera 'yar tsugune dab da talabijin, hancinta ya kusa taɓa gilashi.

"Ɗana, kai ne mai aikin? Sannu. Allah ya ba da lada."

Na danna. Gaskiya abin ya fito. Ban taɓa ganin aikina da kyau haka ba, har zaren anko ana gani. Falon ya kaure, wannan ya ce ga ni nan, waccan ta ce dubi mangwaron ƙofar gida, wata ta fashe da kuka da aka nuno gidan da sabon fenti. Mama kuwa tana karkatar da kai, tana kallon ƙasan gilashin, ni kuwa na ɗauka wuyanta ne ya gaji.

Hoton ƙarshe ya shigo, fuskar nan ta kunu, ta cika talabijin. Na sa ta daɗe fiye da sauran.

"Mama, ga shi nan," Baba ya ce.

Ta matsa. Ta karkata dama, ta karkata hagu.

"Ba na ganin kowa. Haske ne kawai."

Baba ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Maƙwabcina ya shiga duban silin.

"Wannan hotuna ba namu ba ne," Mama ta ce. "An taɓa su. Ina inuwa?"

Ba wanda ya gane sai da ta yi bayani. Ta ce ita fuska ta daina gani tun suna can gida, tun kafin gudu. In ta zauna a rana da alabam, baƙin nan na ƙasan hoto take dubawa, don shi ne kaɗai ke fitowa a idonta, kuma shi ne yaron. Saboda shi ta ɗauko alabam ɗin. A 'yan kwanakin nan ne shi ma ya fara ɓace mata a takarda, shi ya sa da aka ce za a sa a babban talabijin ta yi murna.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?" Baba ya ce mata.

"Ka tambaye ni?"

Ta juyo wajen da take jin numfashina.

"Ɗana, ina ka kai shi?"

"Na yanke, Mama. Haka ake yi."

"Ka yanke shi," ta ce, ba da faɗa ba, kamar mai maimaita saƙo don kada ta manta.

Na ji abin har cikin ƙashina. Tausayi ya kama ni, da haushi, kuma na duba falon kaf ban ga wanda zan ji wa haushin ba. Baba ya nemi fuska don ya ɗauka ita ake nema. Ni na yi aiki yadda aka koya mini, kuma na yi shi da kyau. Da ragon mai gyara aka kai wa, da Mama ta ga ɗanta a ranar.

Maƙwabcina ya fara naɗe waya, sai kuma ya tsaya ya warware.

"Oga, kaya zai kwana a nan," ya ce. "Ka je ka dafa wani."

Abin da ya cece ni shi ne ba na zubar da asalin abin da sikana ta ɗauka. Na koma shago na buɗe su kamar yadda suka zo, da bokitinsu da akuyarsu da inuwarsu. Sai na yi aikin a juye. Na ƙara wa inuwar baƙi, na ƙara wa ƙasar da take kai haske, don su rabu sosai. Motsin nan na a hankali da muke sa wa hoto ya riƙa matsowa kan fuskar amarya, na karkatar da shi ƙasa, ya riƙa sauka kan inuwar har ta cika allo. A karo na farko a rayuwata na yanke kawunan mutane don inuwa ta samu wuri. Wani abokin sana'a ya leƙo ya ga allon, ya tambaye ni ko ina shan magani.

Da na jera su bisa shekaru, sai na ga abin da ban gani ba sa'ad da nake yanka. Inuwar tana girma. A shafukan farko siririya ce, kai ya fi wuya ƙarfi. Can gaba ta yi faɗi, wani wuri da hular hana sallah, wani wuri da jaka a rataye. Kafaɗar nan ta hagu dai ba ta taɓa hawa ba. Akwai hoto ɗaya na Baba shi kaɗai a gaban gida ranar da aka gama fenti, ya runtse ido kamar kullum. A ƙasansa inuwa biyu ce: doguwar mai buɗaɗɗun hannuwa, da wata guntuwa a jikinta mai ƙullin ɗankwali. Shi na sa a ƙarshe, na cire fuskar kunun gaba ɗaya.

Wannan dahuwar ta fi ta farko tayar mini da hankali. Baba ya zo da safe ya zauna a benci, ya ce jiya Mama ta tsiyaya ruwa a gefen kofi, ta ɗauka a ciki take zubawa. Sai ya kafa wa koren layi ido. Ni tsoro nake ji, tsoron in kai faifan in tarar babu idon da zai karɓa. Kwamfutar ta mutu sau ɗaya don ta nuna mana ita ce da iko. Na ƙaro ƙanƙara, na hana kowa jingina da tebur, na hana mai labule kunna injinsa. Washegari ya nuna.

A karo na biyu mutanen falon ba su yi hayaniya ba, don an gaya musu ba su za a nuna ba. Aka zaunar da Mama a kujerarta. Na danna. Hoton farko ya shigo, ƙafafun wasu mata cikin anko, sannan ya fara sauka, baƙin ya taho yana girma har ya tsaya a tsakiyar gilashi.

Mama ta ɗaga hannu a hankali ta ɗora tafinta a kai.

"Ga shi," ta ce.

Na biyu ya shigo, na uku ya shigo, hannunta yana bin su.

"Dubi kafaɗa. Tun yana ƙarami nake ce masa ya miƙe. Ba ya ji."

Wata a bayana ta yi dariya, dariyar ta juye mata kuka, ta fita. Baba yana tsaye ƙiƙam cikin kwat, hawaye na bin fuskarsa bai share ba. Maƙwabcina ya ce zai je ya duba janareta, alhali da wutar gari muke kallo. Ni ma idona ya cika, kuma ban ɓoye ba, don babu mai kallona.

Da na ƙarshe ya shigo, Mama ta ɗage tafinta. Ta kai yatsa kan guntuwar inuwar.

"Wannan ni ne," ta ce. "Ina ce masa ya yi sauri, miya yana kan wuta."

Idon bai daɗe bayan nan ba. Baba ya ce ta kalli faifan kullum da safe, lokacin da ganinta ya fi dama, har ranar da ta ce a daina ja mata kujera kusa, duk ɗaya ne. Amma ba ta ce a daina sakawa ba. Maƙwabcina bai karɓo kayansa ba. Duk sanda na yi masa maganar sai ya ce yana nan zuwa, hanya ce ba kyau. Da abubuwa suka lafa wasu sun koma, Baba da Mama ba su koma ba, suka kama ɗaki a nan Nassarawo. An nemi yaron a duk inda ake neman mutane. Har yau ba a sa gicciye ba.

Yanzu ba mai neman faifai, shuɗi ko fari. Kowa a waya yake so, kuma wayar da kanta take goge inuwa in ka dangwala mata yatsa. Allon shagona ya koɗe, HD ɗin ya zama kamar tabo. Ina nan dai ina haɗa wa mutane hotuna da kiɗa, in tura musu.

Kwanakin baya keke ya tsaya a ƙofar shago. Baba ya sauko da ƙyar, kwat ɗin ta yi masa yawa, ya riƙo hannun Mama. Na'urar maƙwabcina ta mutu, mai gyara ya ce ba a kawo kayanta. Suna so in mayar musu da abin cikin waya. Na yaye tsumman da ke kan tsohon injina, na hure shi, na jona. Ya yi tari, ya karɓi faifan.

Na kunna don in tabbatar komai ya kwafu. Mama tana kan benci, ta fuskanci bangon da babu komai a kai, hannuwanta a cinya. Kiɗan nan na coci da na sa musu tun wancan lokaci yana tafiya, ni da Baba muna maganar tsadar keke. Can wajen ƙarshe, inda kiɗan ke yin ƙasa, ta ɗaga kai.

"Mun zo wurin ni da shi, ko?"

Na dubi allo. Inuwa biyu, doguwa da guntuwa.

"Mun zo, Mama."

"Bar shi ya daɗe."

Na danna tsayawa. Hoton ya tsaya, kiɗan ya ɗauke.

"Ka kashe?"

"A'a, Mama. Tsayar da shi na yi. Yana nan."

Ta ce to, ta gyara ɗankwali, ta ci gaba da kallo.